Igiyar Ustaz Sharfuddeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Ustaz Sharfuddeen Gwadabe, lauya, a gidansa da ke Omdurman. Har yau bakina bai iya ce masa marigayi ba.

Ustaz, ni ne Jibrin, wanda ya shigo ofishinka da sammaci. Na haɗa ɗan shafin intanet inda masu gidajen abinci na Khartoum ke zaɓen masuncin da zai kawo musu kifi daga Jabal Awliya, bisa ga yadda yake cika alkawari. Sai wani kamfani ya ce shi ya yi rajistar wannan dabara, a rufe nawa. Masunta arba'in ke cin abinci ta shafin nan.

Ka karanta sammacin, ka yi dariya. "Haba Jibrin, doka ba ta mallaka wa mutum abin da kowane ɗan sana'a zai gano da kansa. Ina ka samo dabarar?" Na ce wajen gwaggona Laraba, mai suyar kifi a unguwar Mayo.

Ka hau bas har rumfarta. Ta nuna maka igiyoyinta: kowane masunci da tasa, in ya makara ko ya kawo ruɓaɓɓe ta yi ƙulli, da safe kuma mai ƙarancin ƙulli take saye a wurinsa. Shekara talatin tana haka. Ka zauna kan benci cikin hayaƙi kana tambayarta kamar ɗalibi, ka ce ita ce shaidarmu cewa dabarar ba sabuwa ba ce.

Talatar da ka rasu ce ranar zaman kotu. Muka jira ka a ƙofar kotu, Gwaggo da igiyoyinta a bakin mayafi. Goma ta gota. Ta ce, "Wannan bawan Allah ba ya makara. Ku kira gida."

An ɗage shari'ar. Ban san yadda za ta ƙare ba, kuma wallahi ina tsoro. Amma a zaman makoki Gwaggo ta miƙa wa maiɗakinka Ikhlas wata igiya. Ashe tun zuwanka na farko ta yanka maka taka. Wata takwas, babu ƙulli ko ɗaya. Ta ce na Talata ma ba za ta ƙulla ba, domin Wanda Ya kira ka Ya fi alƙali.

Allah Ya jiƙanka, Ustaz, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka tarar da littafinka kamar igiyar nan. Ikhlas, ke da yaran, Husna da Hadi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu ma a yi mana gaisuwa.