Ƙafar Ermete da Ƙofar Minista

Wana Ermete Scarduelli ɗan masunci ne. A bakin kogin Po aka haife mu, ya tashi yana jan taru da Baba har ruwa ya cinye masa tafin ƙafa. Da ƙarnin kifi ya ishe shi sai ya shigo birni, ya sami aikin tsaron ƙofa a sashen shari'a na jami'a. Na biyo shi, ina sayar da kofi a ƙasan benen.

Farfesa Corradino Lazzeri sa'ansa ne. A kan idonmu ya tashi daga ƙaramin malami, ya yi littattafai, aka kira shi Roma ya tsara dokar gidajen yari, har ya zama minista. Ermete yana nan a kujerarsa. Ko sunan mutumin aka ambata sai ya gyara zama.

Kowane zango ministan yana dawowa ya yi wa ɗalibansa jarrabawar baka. Ƙa'ida kuwa ita ce ƙofa a buɗe, kowa ya shiga ya saurara, don kada a ce an yi son kai. A waɗancan shekarun ana harbe alƙalai da malaman shari'a a titi kamar kurciyoyi.

"Ranka ya daɗe, a bar ni in rufe yau," in ji Ermete da safen wata ranar jarrabawa, ina tsaye da tire.

"Tsufa ne ko tsoro?" Farfesa ya yi dariya. "Ni na koyar da ƙa'idar, ni kuma zan take ta? 'Yan sandan da ke gadina ma su zauna a mota, firgita mini yara suke yi."

"To ka tsaya a ƙofar da kanka mana," na ce.

"Nives! Bakin nan naki!" Yaya ya zare mini ido.

Da hantsi na sake hawowa da kofi. Matasa uku suna gabana a matakala, maza biyu da wata yarinya mai jakar littattafai. Suna isa baranda ta zuge jakar. Na ga bakin bindiga, Ermete ma ya gani. Bai gudu ciki ba. Ya fizgo ƙofar daga waje, ya murza makulli, ya wurga shi ta taga, ya jingina bayansa da katakon.

"Matsa, karen gwamnati!"

"Ubanka ne kare," in ji shi.

Suka harbe shi a gwiwa. Na ji ƙashin ya fashe. Ya zube, amma ya zube ne a gindin ƙofar, ya rungume ƙafar dogon cikinsu. Dogon ya yi ta dukan bakinsa da gindin bindiga har haƙora suka watse a ƙasa. Bai saki ba. Suka ƙara masa harsashi a cinya. Na kwara wa ɗayan kofi mai zafi a fuska, ya yi ihu, ya juyo ya fasa mini hanci. Ina kwance ina jin suna harbin makullin, ɗalibai na kururuwa a ciki. Tsohon katako ne mai kauri, bai buɗe ba.

Sai a lokacin 'yan sanda suka hau. Yarinyar suka fara samu da harsashi, a wuya. Ta gangara matakala, jininta ya wanke bango. Mazan suka dira ta taga.

Ministan ko ƙwarzane. An ce a ƙarƙashin tebur aka zaƙulo shi.

Likitoci suka yanke ƙafar Ermete daga cinya. Ranar da ya farfaɗo sosai Farfesa ya zo asibiti da masu hoto. A gabana ya gaya musu cewa shi bai taɓa bari tsoro ya rufe ƙofar jarrabawarsa ba. Sannan ya sunkuya yana murmushi.

"Kai ma dai, Ermete. Wa ya ba ka izinin kullewa?"

Wana, da bakinsa babu haƙora, ya ce, "A gafarce ni, ranka ya daɗe."

A gafarce shi! Na ɗauki furannin da ministan ya kawo na maka masa a ƙirji, na ce ya fita. Ya fita, masu hoto suka bi shi.

Ermete bai yi mini magana ba har aka sallame shi. Yanzu yana wurina, ni nake ɗaga shi daga gado zuwa keke. Har yau cewa yake na kunyata shi a gaban Farfesa.