Sunan da Bilki Mai Guɗa Ba Ta Kira

Duk wanda ya yi aure a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Duwala, cikin shekara talatin da suka wuce, da wuya a ce ba muryar Bilki ce ta raka masa amarya ba. Gajeruwar mace ce mai faɗin ƙirji, ga wushirya. Da safe tana toya masa a ƙofar gidansu, ran biki kuwa ita ce mai guɗa, ita ce kuma mai shelar waɗanda suka halarta. Masu dako a babbar kasuwa sukan ce in ta toshe hanci ta rangaɗa, har can suna ji. Wataƙila akwai ƙari a maganar, amma ba mai yawa ba.

A New Bell aka haife ta. Kakanta bafataken goro ne da ya sauka a Duwala tun zamanin Jamusawa, bai sake ɗaura kaya ba. Ita ko Garwa ba ta taɓa gani ba, balle Kano. Bokonta aji uku ne, amma tana ciniki da Faransanci, tana faɗa da broka, wato Turancin kasuwa, tana addu'a da Hausa. Abin da Allah ya ba ta bayan murya shi ne riƙe suna. In ta ji sunanka sau ɗaya, ta riƙe shi ke nan, da na ubanka, da layin da kuke.

Sunaye biyu ne kawai ba sa fita daga bakinta: na mijinta, Malam Yusufa, wanda ya yi ritaya daga aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa, da na ɗanta na fari. Ɗan fari dai uwa ba ta kiran sunansa, wannan kowa ya sani. Shi kuma nata sai aka ƙara masa da sunan surukinta, Idirisu, kunya ta zama biyu. Shekara ashirin da bakwai tana ce masa Wancan. "Wancan ya ci abinci?" "A gaya wa Wancan ya rage gudu." Ko yana zaune a gabanta, bango take kallo ta aika masa saƙo.

'Ya'yanta mata sukan ce, "Inna, wannan al'adar fa an ce ko a Kano an fara barinta."

Ta ce, "To ni a Kano kuka gan ni?"

Idirisu ya gama jami'a shekara huɗu da suka wuce. Takardun suna cikin leda a ƙasan akwati, shi kuma yana kan babur ɗin haya, wanda a nan ake kira bensikin, daga New Bell zuwa Ndogpassi, daga Ndogpassi zuwa inda fasinja ya nuna.

Sai ga ƙarshen Fabrairun bana. Ran Litinin direbobi suka ajiye motoci saboda tsadar mai. Kafin azahar magana ta wuce ta mai, ta koma ta shinkafa da sabulu da man girki, ta koma ta gyaran tsarin mulki da ake shirin yi don mai mulki ya zarce. Aka tare hanyoyi, hayaƙin taya ya rufe gari, bindiga ta fara magana. Waɗanda suka ga makon nan, har yau in ƙofar shago ta buga da ƙarfi sai gabansu ya faɗi.

Malam Yusufa ya tara gidansa ya ce kowa ya zauna. "Wannan rigimar 'yan ƙasa ce. Mu baƙi ne, baƙo kuwa ba ya shiga faɗan masu gida."

Bilki tana wanke tanda, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Malam, baƙon da kakansa ke kwance a maƙabartar garin? In je in ce wa mai shinkafa ni baƙuwa ce, ya sayar mini a farashin bara?"

Ran Laraba da safe ta ga Idirisu yana rubutu a jikin kwali, irin na masu zanga-zanga. Ba ta ce je ka ba, ba ta ce kada ka je ba. Ta ƙulla 'yan masa guda biyar a leda ta ajiye kan sirdin babur, ta dubi bango ta ce, "A gaya wa Wancan ya sa takalmi mai igiya. Silifa ba ta gudu."

Bai dawo ba. Da la'asar wani maƙwabci ya zo ya ce da idonsa ya ga an jefa shi cikin motar jami'an tsaro, shi da wasu da yawa.

Ran Alhamis Bilki ta ɗauki aminiyarta Rakiyatu, mai ɗinki, suka bi asibitoci da ofisoshi a ƙafa. Wuri na huɗu wani bariki ne mai doguwar katanga. A bakin ƙofa wani jandarma yana zaune da babban littafi.

Ya ce da Faransanci, "Sunansa?"

Bilki ta dubi Rakiyatu.

"Madam, ke nake tambaya. Ke ce uwar ko ita? Wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

Rakiyatu ta yi maza ta faɗa. Ya bi shafi da yatsa, ya rufe littafin. "Ba mu da shi. Ku matsa."

A gindin katangar suka tarar da mata kamar ashirin a zaune. Wata mai sayar da kifi daga Ndogpassi, Mami Terez, ta matsa musu wuri, ta ce kowa a nan amsar da aka ba shi ke nan. Abin da mata ke faɗa wa juna shi ne, wanda sunansa ya shiga littafi kotu za a kai shi, wanda bai shiga ba kuwa, in mota ta fita da shi, ba wanda za ka tambaya. Wata lauya da ke tsaye a wurin tun safe ta ce ita ma an hana ta shiga. Ta ce, "In na sami shaidar cewa wane yana ciki, zan iya tilasta a rubuta shi. Amma katanga ba ta ba da shaida."

Bilki ta ɗaga kai ta auna katangar da ido, kamar yadda take auna filin biki.

Ran Juma'a ba ta hura wuta ba. Ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta kafa ɗaurin kai. Malam Yusufa ya tsaya a zaure ya ce, "Ina za ki da kayan biki a irin wannan rana?"

Ta ce, "Aiki."

Ta bi layi-layi tana buga ƙofofi. Ta san gidan da aka ɗauki yaro, ta san gidan da uwar yaron take da 'yar'uwa. Kafin hantsi mata sun kusa ɗari biyu a ƙofar barikin, masu hijabi da masu kaba, doguwar rigar matan 'yan ƙasa, suka shimfiɗa zannuwa suka zauna. Malam Yusufa ya biyo su daga nesa, ya rakuɓe a inuwar wani shago kamar mai jiran mota.

Bilki ta ce wa lauyar, "'Yata, buɗe takardarki." Ta hau kan wani dutse, ta rangaɗa guɗa guda ɗaya, doguwa, har jandarman ƙofa ya miƙe tsaye. Sannan ta fara.

"Jafaru na Bala mai nama, Layin Mahauta!"

Can daga bayan katanga wata murya ta ce, "Na'am!"

Uwar Jafaru ta faɗi tana kuka. Lauya ta rubuta suna da lokaci. Mata suka yi ta zuwa suna raɗa wa Bilki sunaye a kunne, na Hausawa, na ƙabilar Basa, na Bamileke, tana jefa su ƙetaren katanga ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta karya ko guda ba. Wasu su amsa da na'am, wasu da Faransanci kamar a aji. Jandarman ya daka mata tsawa ya ce ta sauka. Ta ce, "Ɗana, doka ta hana taro. Ta hana kiran suna?" Ya shiga ciki. Jim kaɗan aka tayar da injin wata babbar mota mai tamfol a tsakar barikin, aka yi ta taka mata mai don a danne muryar. Bilki ta gyara tsayuwa. Ta yi guɗa a bikin da aka kunna janareto biyu da makaɗa bakwai.

Ta kira sittin da uku, hamsin da ɗaya suka amsa. Nata ne kawai ba ta kira ba.

Tun farko ta bar wa Rakiyatu wannan aikin. Rakiyatu ta kira har sau biyar, amma hayaƙi mai sa hawaye ya riga ya dishe mata murya tun Laraba, ko ƙofar ba ta kai ba. Ta tsagar ƙofa kuma ana hango motar ta juyo da kanta waje, an ɗaure tamfol.

Rakiyatu ta kama gefen zanenta. "Bilki, motar nan fita za ta yi."

"Na gani."

"To kunya za ki kai gida ko ɗa?"

Shekara ashirin da bakwai sunan yana zaune a bayan haƙoran Bilki. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ja numfashi.

"Idirisu!"

Murya biyu suka amsa daga ɗakunan tsaro. Ba nata a ciki. New Bell ba ta rasa Idirisu ba.

Lauyar ta ce, "Mama, wanne? Sai da sunan uba."

Bilki ta yaye mayafin. Ta san Malam yana inuwar shagon can, ta san rabin unguwa na saurare. Ta buɗe ƙirji kamar ranar kai amarya.

"Idirisu na Yusufa mai fito! Idirisu na Bilki!"

Amsar ba daga ɗakuna ta zo ba. Daga ƙarƙashin tamfol ta fito, a shaƙe, amma kowa ya ji.

"Na'am, Inna!"

Ba wanda ya ba da umarni. Mata suka ja zannuwansu suka cike bakin ƙofar, Mami Terez a sahun gaba. Malam Yusufa ya bar inuwarsa ya ratso ya zauna a ƙasa tsakiyar mata, da farar rigarsa ta Juma'a. Waɗanda ke cikin motar suka fara kiran sunayen kansu, lauya tana rubutawa. Aka yi awa guda ana kallon kallo. Daga baya aka kashe injin, aka sauko da mutum goma sha tara, aka buɗe littafi.

Ba a sake su ba. An kai su kotu jere-jere, Idirisu ya yi wata uku a kurkuku, ya fito da haƙori ɗaya a karye da tari da bai rabu da shi ba tukuna. Ɗan Mami Terez kuwa yana cikin waɗanda ba su amsa ba. Bilki ta kira shi sau goma sha ɗaya a ranar, kuma har yanzu duk ofishin da Mami Terez za ta, tare suke zuwa.

Ranar da Idirisu ya dawo, Bilki tana bakin tanda. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon masa. Sai ya ce, "Inna, ashe kin san sunana."

'Yan matan gidan suka fashe da dariya. Malam Yusufa daga zaure ya ce, "Ai ni ma ranar na ji nawa."

Idirisu ya ce, "Sake faɗa mana, Inna. Ranar injin mota ya hana ni ji sosai."

Bilki ta juya masa guda a tanda, ta dubi bango.

"A gaya wa Wancan, in yana son ya sake ji, ya san hanyar barikin. In kuma masa yake so, ya miƙo kwano."