Mai Facin Kwantena Ya Ajiye Aiki

Shekara talatin da ɗaya, kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar filin ajiya, Baba Mai Faci ya riga ya jingine kekensa. Filin cike yake da kwantenoni da suka gama yawon teku, masu kaya suna hayarsu, wasu su saya a kai musu gida. Aikinsa shi ne ya tabbatar babu wadda ke yoyo. Yakan shiga ciki, ya sa a rufe shi, ya tsaya a cikin duhu yana duban rufi. Duk inda haske ya ratso, ko da kamar tsinin allura ne, sai ya zagaye wurin da alli, ya fito ya ɗauko na'urar walda.

Duk wanda ya zo zuba kaya sai ya sha wa'azi: a shimfiɗa katako a ƙasa, kada katifa ta jingina da bango, a bar wa iska hanya. Yakan ce kwantena ma tana gumi kamar ɗan dako, bambancin kawai ita ba ta neman ruwan sha.

Direbobin filin har yau suna ba da labarin ranar da wani ɗan kasuwa ya zo sayen kwantena don ajiye hatsi. Mai fili ya nuna masa wata mai sabon fenti, ciniki ya kusa faɗawa. Baba ya shiga ya shinshina, ya fito ya ce wannan ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ba za a zuba abincin mutane a ciki ba. Mai fili ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Baba bai fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya.

Baba, kai ne ka tsare amanar waɗanda ba su ma san fuskarka ba. Wanda gidansa ya rushe, da mai shagon da ya tashi, duk sun bar abin da suka mallaka a bayan ƙarfen da ka liƙe, suka tafi da kwanciyar hankali.

A daminar bana wata malamar makaranta, wadda mijinta ya rasu, ta koma ɗaki ɗaya da 'ya'yanta. Ta kawo littattafan marigayin da hotunan iyali ta ajiye. Baba da kansa ya duba kwantenar, ya ce lafiyarta ƙalau. Bayan mako shida ya ga ruwa na tsiyaya ta ƙasan ƙofa. Da aka buɗe, kwalaye sun jiƙe sharkaf, takardu sun manne da juna. Ya sake shiga aka rufe shi, bai ga komai ba. Mai gadi ya shiga bayansa, nan take ya ƙirga huda uku a rufin.

Mai fili ya ce a ɗora wa iska laifi. Baba ya hau kekensa ya tafi gidan matar.

"'Yata, ba iska ba ce," in ji shi. "Ni na duba, idona ne bai gani ba."

Kwana uku suna shanya takardu a rana, yana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Hoton aurensu bai tsira ba. Ta daɗe tana kallon abin da ya rage na fuskar mijinta, sannan ta ce, "Baba, tashi ka je asibiti. Nawa ya riga ya tafi, kai ka ceci idonka."

Likita ya ce wutar walda ta daɗe tana cin idon, abin da ya saura sai lallaɓawa. Washegari ya miƙa makullan ɗakin kayan aiki, bai jira an sallame shi ba. Yanzu yana zaune a ƙofar gida, 'yarsa tana ɗiga masa magani safe da yamma.

Baba, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa kayan wani, ya duba sau biyu, in kuma ya yi kuskure ya kai kansa da ƙafarsa kamar yadda ka yi. Masu zuwa gaida Baba kuma, ku fara faɗin ko ku su wane ne tun daga nesa. Yana jin nauyin tambaya.