Motar da Isuhu ya tuƙa tun ba a ƙera ta ba

Ranar kasuwar Filinge ce, cikin daminar shekarar da na bar lakwal, makarantar boko, a aji uku. Mushe, malaminmu, ya ce kaina ya cika, ni kuwa na ɗauka yabo ne. Mun dawo daga maimai, rairayi duk ya manne mana a ƙwauri, muka iske Gado tsugunne gindin aduwa yana zane a ƙasa da tsinke. Gado shi ne gwanin motar kara a unguwarmu, ya ɗan girme mu. Ya ce bana zai ƙera kamiyon, babbar motar kaya, irin wadda ido bai taɓa gani ba, ƙafafun sakaina, ƙofa mai buɗewa, fitilu na gwangwanin tumatir. Sai dai dawar fadama ko kai ba ta fitar ba, kara kuwa sai bayan girbi yake bushewa. Wanda ke son ta farko ya biya tun yanzu, wato ya karɓe masa korar tsuntsaye a gonar ubansa har a yanke hatsi. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce ni ba na sayen zane a rairayi. Isuhu, taubashina ɗan gwaggona, ya ɗora ƙafa kan zanen ya ce: "Tawa ce."

Daga ranar duniya ta juya mini baya. Isuhu na kan rumfar gona tun hantsi, yana jan igiyar gwangwanaye, yana ihu har murya ta dushe, rana ta maishe shi kamar gindin tukunya. Na zaci yara za su yi masa dariya. Ina! Da yamma idan muka kai awaki rijiya, shi ake zagayewa. Ya raba wuraren zama a motar da babu ita, ya yanka kuɗin zuwa Abala da Sanam, aduwa ko gasasshiyar fara, kuma ana biya. Wanda ya ɓata masa rai sai ya ce ya sauke shi a hanya, yaro ya kama kuka da hawaye. Ƴan mata masu tallan ƙosai suka sa masa Direba. Ko langa muke yi sai ka ji an ce a bi Direba a hankali, kada ya karye kafin mota ta iso. Ni da na fi kowa wayo ina gefe ina sassaƙa ƙaya. Da abin ya ishe ni na je wurin Isuhu a ɓoye na nemi wuri a gaba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce gaba ta cika, amma yana neman karen mota.

Aka yi girbi, aka ɗaure dammuna, kara ya bushe. Gado ya kawo mota. Jama'a, in faɗi gaskiya tsakanina da Allah, na ji sanyi a raina. Ƙofar ba ta buɗewa, ƙafa ɗaya ta fi sauran girma, tana tafiya tana ɗingishi kamar tsohon jaki, fitilu kuwa ya ce sai uwarsa ta gama da gwangwanin. Ba a daɗe ba akuyar gwaggo ta cinye rufin. Ni na jira hannun Gado ya faɗa, kara ya yi banza a ko'ina, na ba shi ƴar fara cikin ƙoƙo ya ƙera mini wadda ta fi ta komai, har da tsani a baya. Na ja ta daga ƙofar gidanmu har bakin kasuwa, ina ƙugin inji da baki. Babu wanda ya waiwayo. A lokacin kowane yaro na da tasa, hankali ma ya koma kan dambe. Tsohuwa ɗaya ce ta tanka mini, ita ma tambaya ta yi ko ta Direba ce aka ba ni aro.

Abin da ya tono wannan tsohon miki, jikana ne Nasiru. Ubansa ya aiko masa daga Yamai da na'urar nan ta wasan bidiyo, shi kuma ya kwashe abin da ya tara a hutu ya biya wasan ƙwallon da masu shi ba su gama haɗawa ba. Wai za a bar shi ya fara kafin kowa, a ƙara masa da riga, rigar da ba a sawa a wuya, ta ɗan mutumin cikin gilashi ce. Na zaunar da shi na yi masa karatu irin na mai aji uku. Shi da bakinsa ya amsa cewa wasan da suka fitar bara ya zo da ɗingishi, mai tsaron gida na shigewa cikin ƙasa, sai daga baya aka gyara, kuɗinsa kuma ya faɗi. Na ce to, ka ji ƙofar Gado. Ya ce har yanzu ana iya fasawa a maido masa kuɗinsa, in na ce ya fasa zai fasa.

Na buɗe baki ke nan na hango zaure. Abokansa ne cike, wani ya ɗebo masa ruwan awaki, wani na riƙe masa takalmi, suna gardamar wanda zai zauna kusa da shi ranar da abin zai fito. Na haɗiye karatuna. Na ce ya bar shi, amma da sharaɗi, idan ya iso ni zan fara riƙe abin latsawa na biyu. Yaron nan ya sosa ƙeya ya ce: "Tsoho, ka makara. Baba Direba ya kama wurin tun wancan mako, har zabuwa ya ba ni."

Isuhu dai ko keke bai taɓa tuƙawa ba, amma har liman Direba yake ce masa. Dā kara muke jira ya bushe, yau yara saƙo suke jira ya shigo waya, jiran dai bai sake ba. Ni na samu mota mai kyau, shi ya ci damina guda yana direba, kuma har yau ban yafe masa ba.