Jirgin da Muka Gyara a City Island

Ranar Asabar ta farko a watan Afrilun 2013, ina da shekara goma sha ɗaya, Baba ya ce in sa tsofaffin kayana, zai nuna min wani abu. Muka bar Mama tana mita a kicin, muka shiga tasinsa daga Mount Hope. Ba mu yi rabin awa ba sai benaye suka ɓace, sai ga gada, ruwa hagu da dama. Na tambaye shi ko mun bar New York ne. Ya yi dariya, ya ce har yanzu muna Bronx, ɗan tsibiri ne, sunansa City Island. Ya tsaya a wani fili mai shingen waya inda ake ajiye jiragen ruwa lokacin sanyi, ya ja hannuna har ƙarshensa. Wani ɗan jirgi ne a ɗore kan ƙarafa, fentinsa ya ɓare, ganyaye sun ruɓe a cikinsa. "Rakiya," ya ce, "ga jirginmu."

Wani tsohon Bature mai suna Frank ne ya ba shi kyauta. Baba ya daɗe yana kai shi asibiti, hirarsu kullum ta kifi ce, da ciwon gwiwa ya raba tsohon da ruwa sai ya ce gara jirgin ya koma hannun wanda ya san darajarsa. Baba mutumin Yawuri ne, iyayensa da kakanninsa masunta. Ni dai wannan labari ne kawai a wurina. Baban da na sani direba ne mai yawan ba fasinja haƙuri, wanda idan ya zo makarantarmu nake sunkuyar da kai saboda Turancinsa. Yana min Hausa ina mayar masa da Turanci, ban taɓa lura ko abin yana masa ciwo ba.

Duk Asabar mukan koma can. Mun kwashe ganyaye, mun kankare ƙananan katantanwan da suka manne a ƙasan jirgin har yatsuna suka yi kanta. Na goga sanfefa, ƙurar fenti ta mayar da ɗankwalina shuɗi. Baba ya bi katakon da tafin hannu yana ƙwanƙwasawa, inda ya ji sautin ya canja ya fafe ya toshe. Ya koya min ƙullin igiya iri uku, in na yi sako-sako ya kwance ya ce, "A tudu ake gyara, ruwa ba ya jiran kowa." Frank kan zo da kujerarsa ya zauna yana ba da shawara kan injin. Ranar da ya ga Baba yana sassaƙa filafili daga wani dogon katako, ya yi dariya har da tari, ya ce mai inji me zai yi da abin tuƙi na hannu. Baba ya ci gaba da sassaƙarsa.

Idan muka shafa fenti, kafin ya bushe sai mu shiga gari. Titi ɗaya ne babba, gidajen katako na da, wasu da anka, ƙarfen tsayar da jirgi, a ƙofa. Akwai shagunan tsofaffin kaya cike da fitilun jirgi da ƙararrawa masu tsatsa. Mun sha zuwa maƙabartar da ke kallon ruwa, ina karanta wa Baba sunayen matuƙan da ke kwance, shi kuma yana lissafo min nasa: kakansa da ya san kowane dutse a kogin Kwara, yayansa da ya tafi kamun kifi bai dawo ba. A ƙarshen titin mukan sayi soyayyen kifi, tsuntsayen teku na shawagi a kanmu. Azahar kuwa a gindin jirgin muke yinta, a kan kwali.

Mama ce ta so ta hana ni shiga ruwa. "Ni ban haifi 'ya don kifi ba," in ji ta. Sai da ta ga rigar hana nutsewa a jikina, ta ja ɗaurin da hannunta, sannan ta yarda. Ranar da aka saukar da jirgin, a ƙarshen Yuni, ta tsaya a gaɓa da carbinta.

Mun yi nisa kaɗan, gidajen sun ƙanƙance, sai injin ya yi tari ya mutu. Baba ya ja igiyarsa sau biyar, shiru. Iska ta soma tura mu wajen wasu baƙaƙen duwatsu. Na fashe da kuka. Baba bai ko dube ni ba. Ya cire takalmi, ya ɗauki filafilinsa, ya miƙe tsaye a bayan jirgin, ya ƙura wa ruwan ido kamar mai karatu. "Koma tsakiya. Riƙe igiyar nan. Kin riƙe?" Muryar ba ta direban tasi ba ce. "Na riƙe, Baba," na ce, da Hausa, ban san ta fito ba. Ya karkata jirgin, ya bar ruwan da kansa ya kewaya da mu duwatsun, sannan ya tuƙa mu har gaɓa, gumi na zuba, yana murmushi. Frank, da ke kallo daga gaɓa, ya cire wa Baba hularsa. Mama ta gama faɗanta tas, ta zuba mana shinkafa.

Bazara uku muka yi da jirgin. Daga baya ciwon suga ya taɓa idon Baba, ya ajiye tuƙi, ya ba wani maƙwabcin Frank jirgin, ya koma Yawuri. Yanzu ina aiki a wani asibiti a Queens, Asabar ɗina ta marasa lafiya ce. Kwanaki na je tsibirin, na tarar an gina gidaje a filin. Na kira Baba daga bakin ruwa. Ba ya gani sosai, sai ya ce in yi shiru in miƙa wayar wajen ruwan. Mun daɗe a haka, yana sauraro daga can.

Da na san Asabar ɗin nan ƙidayayyu ne, da ban riƙa gaggawar fenti ya bushe ba.