Sunan da Khala Rabi Ba Ta Iya Faɗa

Ko na manta da komai a aikin nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na ja Khala Rabi har cikin jami'a ba, ina gaba tana biye da ni tana salati. Ku da aka ɗauka bana ku saurara da kyau, don lokacin neman gurbin karatu ya kusa, ni kuma ba na maimaita magana.

Kun riga kun san aikin maktabin nan, wato ofishinmu na unguwar Ammariyya a nan ƙasar Larabawa: sabunta iƙama, takardar izinin zaman baƙo, kama wa mutum layin asibiti, da duk abin da hukuma ta mayar cikin waya tsofaffi suka kasa. Amma da zarar sakamakon sakandare ya fito, ɓangarenmu na mata sai ya koma kasuwa. Ɗan ƙasa hanyarsa a buɗe take. Yaranmu da aka haifa a nan amma suke kan iƙama, su sai ta hanyar minha, wato gurbin karatu kyauta da jami'ar gwamnati ke ware wa baƙi, kuma ba shi da yawa. A cikin jami'ar akwai wani sashe na masu hazaƙa, ajinsu daban, kulawarsu daban. Ba a shigarsa sai maki ya kai, sannan a kira ɗaliba muƙabala, malamai su zauna da ita ido da ido. Baƙuwa ta samu minha kawai, abin a yi walima ne. Ta shiga wancan sashen kuwa, ni dai tun da na fara aiki ban gani ba.

A bazarar da nake ba ku labari wata yarinya ta zo daga unguwar Madain Fahd, sunanta Hadiza, a takarda Khadija. Siririya, ba ta ɗaga ido. Da na ga makinta sai da na goge gilashin kwamfuta na sake dubawa. Na ce mata za mu nemi minha, kuma za mu nemi sashen masu hazaƙa.

Abla Samira, shugabar ɓangarenmu, tana jin haka ta juyo daga kujerarta.

"Ya Zulai, ki cike mata irin na kowa, khalas, shi ke nan. Kada ki ɗora wa 'yar mutane burin da zai karya ta."

"Abla, an rubuta a wani wuri cewa baƙuwa ba ta nema?"

"Ba a rubuta ba."

"To ni abin da aka rubuta nake bi."

Hadiza ta tambaye ni a hankali, "Abla Zulai, kina ganin zan samu?"

Na ce, "Ni ba boka ba ce. In ba mu nema ba, na san amsar. In mun nema, ban sani ba. Wanne kike so?"

Ta ce a nema.

Akwai wurin da ake sa lambar waliyyi, wato uwa ko uba, don jami'a takan kira ta tabbatar da iyayen baƙi kafin ta sa ranar muƙabala. Baban Hadiza direban tirela ne a sitocin Khumra, rabin rayuwarsa a hanya take, wayarsa ba ta cika shiga ba. Sai muka sa ta mamarta, Khala Rabi, wadda kullum tana gida tana ɗinki.

Makonni suka wuce shiru. Ranar wata Talata na buɗe shafin Hadiza na ga an dakatar da neman, wai ba a tabbatar da waliyyi ba. Muƙabala kuma ranar Alhamis za a rufe ta. Na kira yarinyar na ce ta taho da mamarta yanzu, ko da tukunya a wuta.

Suka zo. Na ce, "Khala, ba wanda ya kira ki daga jami'a?"

"Wata Balarabiya ta kira kwanaki, amma ba ni take nema ba."

"Me ta ce?"

"Ta ce wai Ummu wance ce, wato uwar wance? Na ce a'a, Ummu Bashir ce."

Bashir ƙanen Hadiza ne. Na ce, "Wance ɗin wace ce, Khala?"

Ta nuna Hadiza da haɓa ba tare da ta dube ta ba. "Waccan."

"Sai me kuma?"

"Sai ta ce, to ba 'yarki ba ce? Ga maƙwabta cike da ɗaki, Zulai, me zan ce? Na ce mata 'yar Hajiya ce."

Ku da aka haifa a nan, wasunku ba su san wannan ba. A gida, musamman wajen su Khala Rabi mutanen Damagaram, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yabonsa, ba ta ce nawa ne a gaban mutane, sai ta jingina shi ga kakarsa. Ita Hadiza kuma abin ya zo mata biyu, don sunan Hajiya, uwar mijin Khala Rabi, aka sa mata. Sunan 'yar fari, kuma sunan suruka. Tun ranar suna bai taɓa fita daga bakinta ba.

Abla Samira ta ja ni gefe, ta rage murya. "Kin san yadda maganar nan ta sauka a kunnensu? Yarinyar da aka ɗora a kan iƙamar wasu. Sun sha ganin irin haka. In kika tayar da shi, ba karatu kawai ba, takardun gidan gaba ɗaya za a fara tonawa. Ki bar shi ya mutu."

"Takardunsu na gaskiya ne, ni na duba su. In muka yi shiru ne zai zama kamar ƙarya."

Ta ce, "Gobe da safe ki je. Amma wallahi kada ki ambaci sunan maktabin nan."

Washegari muka ɗauki tasi mu uku. Mai gadin ƙofar mata ta ce ɗaliba kaɗai ke shiga. Na ce uwar aka ce ba a tabbatar ba, ga uwar, ni kuma tafinta ce. Ta ce mu jira. Muka jira a rana har abayata ta manne mini a baya, ina komawa wajenta ina sake faɗa mata magana ɗaya, har ta gaji da fuskata ta buɗe.

A ofishin karɓar ɗalibai muka samu wata ustaza, wato malama, mai gilashi, babba ce, ba ta da hayaniya. Ashe ita ce ta yi kiran, kuma ba ta manta ba. Na jera mata takardar haihuwa da iƙamar kowa. Ta duba ɗaya bayan ɗaya ta ture su gefe.

"Takarda na gani," in ji ta da Larabci. "Amma da kunnena na ji matar nan ta ce yarinyar 'yar wata Hajja ce."

Na yi mata bayanin al'adar iya Larabcina. Ta cire gilashi.

"Uwa ba ta faɗin sunan 'yarta? Mu da sunan ɗa muke girmama uwa. Ya binti, labarai iri-iri nake ji a kujerar nan. Ba na ce kin yi ƙarya ba. Ta faɗa a gabana cewa wannan 'yarta ce, ta kira sunanta, in buɗe mata muƙabala. Abu mai sauƙi."

Na fassara wa Khala Rabi. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Ustaza ta dube ni, ta dubi agogo, ta ce mu fita mu yi shawara, akwai masu jira.

A baranda ban yi mata da sauƙi ba. "Khala, kunyar nan ba za ta ba ta digiri ba. Kalma biyu ce."

"Zulai, sunan matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Ko a mafarki ban taɓa faɗa ba. Bakina ba zai ɗauka ba."

"Hajiya tana kabari, Allah ya jiƙanta. Wannan tana tsaye a gabanki."

Sai Hadiza ta sa baki, idonta ya ciko. "Abla, a bar shi. Kada a matsa wa Inna. Zan nemi wani abin."

Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Na ce, "Ke rufe mini baki. Shekara nawa kina karatu a kan keken ɗinki, yau ki ce a bar shi? Ba inda za mu."

Amma gaskiya ban san abin da zan yi ba. Tsawa ba ta buɗe irin wannan bakin. Muna tsaye sai mataimakiyar ustaza ta leƙo ta ce, "Khadija, kun gama?" da wannan kh ɗin nasu mai fita daga maƙogwaro kamar kaki. Na lura Khala Rabi ko gezau ba ta yi ba. Alhali ɗazu a tasi da na ce Hadiza sai da ta kawar da kai.

Na ce, "Khala, a Damagaram akwai wanda ya taɓa kiran Hajiya da sunan da matar nan ta faɗa yanzu? Haka, da kakin?"

Ta yi tunani. "A'a. Wa zai kira ta haka?"

"To wannan ba sunan Hajiya ba ne. Sunan takarda ne, na Larabawa. Shi ake so ki faɗa, kuma da Larabci. Kunyarki Bahaushiya ce, ba ta jin Larabci."

Dariya ta kuɓuce mata, ta toshe baki da mayafi. "Ke dai Zulai ba ki da ta ido."

"Na sani. Gwada."

Ta juya ta fuskanci bango ta gwada. Kh ɗin ya ƙi fita, sai ya zo Kadija. Na ce ya ma fi, wannan ba na Hajiya ba ne, ba na Larabawan ba ne, naki ne ke kaɗai. Yalla, mu shiga kafin ya huce.

Ta tsaya gaban tebur, idonta a ƙasa. "Kadija binti." Wato Kadija 'yata ce. Na ɗauka shi ke nan. Sai ta ƙara da Hausa, ba wanda ya tambaye ta: "Ni na haife ta. Kuma ba ta taɓa sa ni kuka ba."

Ustaza ta ce me ta ce a ƙarshe? Na fassara. Ta dubi Hadiza, wadda ta kafe silin da ido, sannan ta mayar da gilashinta ta jawo kwamfuta.

"Muƙabala kawai na buɗe mata, gobe da safe. Gurbi ba a hannuna yake ba."

Na ce abin da muka zo nema ke nan.

Muka kama hanyar maktab. Da muka isa na zaunar da Hadiza a kujerata na yi ta jefa mata tambayoyi, ina sa ta ɗaga ido, ina sa ta faɗi abin da ta iya ba tare da ta ce ai ba komai ba ne. Ita ma nata gadon kunyar ke nan, kuma malaman can ba za su gane shi ba. Ta shiga muƙabala ranar Alhamis. Da sakamako ya fito an ɗauke ta, minha da sashen duka. Yanzu haɗa magunguna take karanta.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba a maki suke faɗuwa ba. Suna faɗuwa ne a wurin da ladabinmu ya yi kama da ƙarya a kunnen wani. Wanda ke can ofis ba mugu ba ne, bai dai san mu ba, kuma ba shi da lokacin da zai san mu. Saboda haka tun daga wannan shekarar, kafin in sa lambar kowace uwa sai na tambaya: ɗan fari ne? Sunan wa aka sa masa? In amsar ta nuna akwai kunya, ko a sa lambar uba, ko uwar ta zauna nan gabana mu gwada kiran har bakinta ya saba. Ku ma haka za ku yi. Kwamfuta ba ta san ta yi wannan tambayar ba, shi ya sa aka ɗauke ku aiki.