Sunan Baba a Waƙar Mai Kukuma

Sau ɗaya aka taɓa ambaton mahaifina a waƙa, kuma duk Ƙofar Durbi ba wanda ba mu sanar ba. Tela ne. Wani mai kukuma, wanda a zamaninsa rediyo ba ta wuni ba ta sa shi ba, ya kawo ɗinkin babbar riga, aikin ya yi masa, sai ya jefa sunan Baba cikin wata doguwar waƙarsa, tsakanin wani Alhaji mai motocin haya da wani sarkin pawa. Ko kirari bai yi masa ba. Suna da sana'a kawai, 'yan amshi suka karɓa, aka wuce.

Bayan rasuwar Baba, kaset ɗinmu na waƙar ya koma hannun Inna, mahaifiyarmu. Ba ta damu da sauran waƙar ba. Wurin nan kaɗai take mayarwa tana sakewa, har zaren ya cinye daidai kan sunan. Alhaji mai motoci yana nan garau, sarkin pawa ma haka, Baba ne ya koma shuuu. Na zaga masu tura waƙoƙi a waya, duk wadda na samu guntuwa ce, ba ta kai wurin ba. Inna ta daina tambaya, amma ba ta jefar da kaset ɗin ba.

Ana nan sai wani mawaƙin zamani, cikin masu waƙar soyayya da murya kamar ta mai mura, ya ce zai raya tsofaffin waƙoƙi. Ya ɗauko tamu. Na ga bidiyon a waya: makaɗa cike da zaure, kowa da baƙar kwat, kowa na duban takarda a gabansa kamar masu jarrabawa. Akwai goge irin na Turawa, manya da ƙanana, da ƙahonni, da wani mutum a tsaye yana kaɗa musu tsinke, shi bai taɓa komai ba. Kukuma ɗaya dai ta riƙe waƙar nan shekara da shekaru, ba ta taɓa neman taimako ba.

Gaskiya yaron ya iya. Haushin da na ji ke nan. Ya ja waƙar a hankali, ta yi taushi, ta yi daɗi, har na ji tsikar jikina ta tashi. Sai dai ya kwashe sunayen mutane kaf. Su 'yan zamani a wurinsu waƙa baiti ce da amshi, sunaye kuwa ciko ne da ke tsawaita ta. A gurbin Alhaji da Baba da sarkin pawa, masu goge ne suka yi ta goga abinsu.

Na yi niyyar in yi shiru da zancen, amma ƙanwata ta riga ni baki. Ta gaya wa Inna an sabunta waƙar Baba, tas, babu shuuu. Ita ƙanwar tawa kanta ba ta saurara har ƙarshe ba.

Da na je gaishe da Inna ran Juma'a da la'asar, na tarar ta kira maƙwabciyarta, wata Hajiya mai ƙosai, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Har mayafi Inna ta canza.

"Sa muna mu ji," in ji Inna. "An ce yaron ya gyara ta."

Na sa. Ta saurari farkon tana taɓe baki. "Wanga mi ya same shi? Bai ci abinci ba?" Hajiya ta yi dariya. Da aka kusa wurin, Inna ta ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ta matso da kunnenta kusa da wayar. Goge ya shigo, ya yi abin da zai yi, ya fita. Yaron ya koma amshi, aka tafa masa, waƙa ta ƙare.

Hajiya ta dube ni. Ni kuma na dubi tabarma. Tausayin Inna ya kama ni.

Inna ta gyara zama, ta sa yatsa ta sosa kunne.

"Kunnen nan nawa ya tahi," ta ce. "Ya wuce ban ji ba. Maido shi baya kaɗan."

Na mayar.